Daga Kundin Sarki Abbas Zuwa Rumbun Bayanai: Wa Zai Riƙe Labarin Gidajen Birni?

A shekarun 1913 da 1914, majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas tana da malamai masu rubuta ƙararrakin da aka kawo gabanta da Larabci: wane ya yi ƙarar wane a kan gida ko gona ko gado, ga abin da shaidu suka faɗa, ga hukuncin da aka yanke. Kundin bai salwanta ba. Masanin tarihi Allan Christelow ya fassara wani sashe nasa zuwa Turanci, aka buga a 1994. Duk wanda ya san abin da gara da damina ke yi wa takarda a cikin birni zai jinjina wa waɗancan malamai da waɗanda suka adana aikinsu.

Sai dai kundi, komai kyansa, yana da iyaka. Ana rubuta shi ne bi da bi, yadda al'amura suka zo. In ka ce a fito maka da duk shari'ar da ta shafi gidajen Koki, ko sau nawa wani mutum ya ba da shaida, dole a karance shi daga bango zuwa bango. Mutum biyu ba sa bincike a cikinsa lokaci guda. In kuma an rubuta sunan mutum a wuri goma aka gyara a wuri ɗaya, sauran taran suna nan da kuskurensu. Don magance irin wannan aka ƙirƙiro rumbun bayanai.

Abu biyu ne a nan da ake yawan haɗawa. Akwai rumbun kansa, wato bayanan da aka tara bisa tsari. Akwai kuma manhajar da ke sarrafa shi, irin su Oracle da MySQL da PostgreSQL, ko ƙaramar nan SQLite da ke cikin kusan kowace wayar zamani ba tare da mai wayar ya sani ba. Aikin manhajar kamar na sarkin ƙofa ne a zamanin da ake rufe ƙofofin ganuwa: ba a shiga ba a fita sai ta wajensa, kuma ya san wanda ya wuce. Ita ke karɓar tambaya, galibi cikin harshen umarni da ake kira SQL, ita ke ƙin bayanin da ya saɓa ƙa'ida, ita ke hana ma'aikata biyu ɓata wa juna rubutu.

Tsarin da ya fi yaɗuwa a yau ya fito ne daga maƙalar da Edgar Codd, masanin lissafi ɗan Ingila mai aiki da kamfanin IBM a Amurka, ya wallafa a 1970. Shawararsa mai sauƙin faɗa ce: a zuba bayanai cikin jadawali, kowane layi abu guda, kowane gurbi siffa guda, a rubuta kowace gaskiya sau ɗaya tak, sannan a haɗa jadawalan da lambar shaida.

Mu ɗauki gida guda a Yakasai ko Mandawari. Maigida ya rasu, alƙali ko malami ya raba gado, namiji rabon mace biyu, matan mamaci suka ɗauki tumuni. Bayan shekaru wani ɗa ya sayar wa yayansa nasa kason, wata 'ya ta rasu kasonta ya koma ga 'ya'yanta da mijinta, aka ja katanga a tsakar gida, aka fasa sabuwar ƙofa ta lungun baya. Takardun wannan gida yanzu suna warwatse: ɗaya a kotu, ɗaya a akwatin babban wa, ɗaya mai hatimin mai unguwa a hannun wanda ya saya. A tsarin Codd jadawali uku za a yi. Na farko na mutane, kowa da lambarsa. Na biyu na gidaje, kowane gida da lambarsa da iyakokinsa. Na uku na mallaka, wanda ba ya ɗauke da suna ko kwatance, sai dai ya ce mai lamba kaza yana da kaso kaza a gida mai lamba kaza, daga rana kaza, ta hanyar gado ko saye ko kyauta. Da wannan, tarihin gidan na shekara hamsin zai fito cikin ƙiftawar ido. Ana kuma iya gindaya wa manhajar sharaɗi cewa jimillar kason masu gida ba za ta wuce gidan ba, ta yadda in an zo shigar da cinikin ɗakin da aka riga aka sayar, sai ta ƙi karɓa.

Duk wannan gini a kan lambar shaida ya dogara, domin suna ba ya isa. Masu suna Muhammadu Sani nawa ne tsakanin Dala da Gwale? Mutum ɗaya ma sai ka ga Muhammad a takardar makaranta, Mohammed a banki, Mamman a bakin 'yan unguwa. Wani sunan mahaifi yake sawa a ƙarshe, wani na kaka, wani na unguwa. Dattawa da yawa da ba a rubuta ranar haihuwarsu ba an liƙa musu 1 ga Janairu. Shi ya sa Babban Bankin Nijeriya ya fito da BVN a 2014, hukumar NIMC kuma take ba da NIN, kowacce lamba 11, har aka wajabta haɗa NIN da layin waya daga Disamban 2020. Amma dubi wahalar da talaka ke sha wajen gyaran suna, daga rantsuwa a kotu zuwa dogon layi cikin rana. A ganina ba laifinsa ba ne. Kowace hukuma ta buɗe nata rumbun ta sake rubuta sunansa yadda ma'aikacinta ya ji, wanda shi ne ainihin abin da Codd ya hana, sannan aka tsara fom ɗin bisa zaton kowa yana da sunan dangi guda da ba ya canzawa, alhali mu ba haka muke kiran juna ba.

Gida ma yana buƙatar lamba, kuma a nan birni ke da wuya. Adireshinmu kwatance ne: bayan masallaci, lungu na biyu, gidan da ke da dakali. Masu rigakafin shan-inna sun ci karo da wannan, sai suka koma ga hoton tauraron ɗan'adam da na'urar nuna wuri, suka tsara taswirar matsugunai, aikin da ƙungiyar eHealth Africa ta taka rawa a cikinsa daga Kano, kafin a ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a Agustan 2020. Hukumar KANGIS ta jiha tana irin wannan aiki a kan filaye. Sai dai yawancin gidajen cikin ganuwa gado da takardar ciniki ke riƙe da su, ba takardar shaidar mallaka ta gwamna da dokar filaye ta 1978 ta tanada ba. Rumbun da ya san filayen Nasarawa bai san gidajen Madabo ba, ya bar waɗanda suka fi buƙatarsa a waje.

A rumbun bayanai akwai kuma ƙa'idar cewa aiki ko ya kammala gaba ɗaya ko a mai da komai yadda yake. Duk wanda aka cire wa kuɗi a wajen mai POS ba su shiga ba ya san darajarta. A cinikin gida ma haka ne: cire sunan mai sayarwa da sanya na mai saye dole su faru tare. Batun ajiye kwafin rumbun a wani gari kuwa, gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta ishe mu darasi.

Abin da ya fi damuna shi ne hannun da ke shigar da bayani. Manhaja ba ta gane ƙarya in an shigar da ita bisa ƙa'ida. Gogewa a takarda takan bar tabo, amma a kwamfuta sai in an tsara rumbun ya riƙa rubuta wa ya canza me, yaushe, kuma da izinin wa. Don haka in za a yi wa gidajen birni rumbu, a fara da masu unguwanni da dagatai da kotunan shari'a, waɗanda suka san iyaka da magada, a karanta wa maƙwabta abin da aka rubuta kafin a tabbatar da shi, a raba ikon shigarwa da na amincewa tsakanin mutum biyu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba ɗan ƙasa haƙƙin ganin abin da aka ajiye a kansa da neman a gyara shi. Matar da mijinta ya rasu ya bar mata tumuni a gidan Sheshe ya kamata ta iya zuwa ofis ɗaya, a nuna mata layin da ke ɗauke da kasonta, a karanta mata shi da Hausa, a ba ta kwafi mai hatimi.