KEKEN GURGU BA YA ISA, SAI AN GYARA GIDA

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kowane gari akwai mutumin da ƙafafunsa ba su ɗaukarsa. Wani shan inna ya kama shi tun yana yaro. Wani hatsarin mota ne, wani kuwa faɗowa ya yi daga bisa icce. Mutanenmu ne, cikin gidajenmu suke.

A ajinmu na yaƙi da jahilci akwai wani magidanci gurgu. Ya samu keke mai ƙafa uku, irin wanda ake tuƙawa da hannu. Kowa ya taya shi murna. Amma keken a waje yake kwana, don ƙofar zaure ta yi ƙunci, dokin ƙofa kuma ya yi tsawo. Sai ya sauka ya ja jiki cikin turɓaya har ɗaki. Da damina cikin taɓo yake bi. In zai kewaya sai an ɗauke shi, shi da ke da mata da ɗiya.

Wata rana ƴan aji suka yi masa gayya tare da magini. Yini biyu aikin ya ɗauka. Yanzu da kansa yake shiga, da kansa yake fita. Yana zuwa masallaci, ran kasuwa kuma yana kasa goro da sabulu.

GA ABIN DA AKA GYARA

Ƙofa: a buɗa ta ta kai santimetir 90, wato kusan kamu biyu. A cire dokin ƙofa.

Gangare: in ɗaki ya fi tsakar gida tudu, a gina gangare mai sauƙi. Tudun santimetir 10 yana son gangare mai tsawon santimetir 120. In ya miƙe da yawa, keke yana kifewa ta baya.

Hanya: yashi yana cije ƙafar keke. A yi daɓe da tsakuwa da makuba daga zaure zuwa ɗaki, daga ɗaki zuwa makewayi.

Makewayi: a bar fili kamu uku, yadda keke zai juya. A sa kujera mai rami bisa bakin masai. A kafa icce mai ƙarfi a gefe don riƙewa.

Ɗaki: gado ya zama daidai da mazaunin keke. A ajiye randa da kwanuka inda hannu zai kai daga zaune.

A KULA DA KEKE DA MAI SHI

Keke kamar takalmi ne, sai wanda ya yi daidai da jiki. Kada a ba yaro na babba. A sa matashi mai laushi bisa mazauni. Wanda ba ya jin jikinsa daga ƙugu zuwa ƙasa, zama wuri guda yana jawo masa gyambo, gyambon nan kuwa yana iya kisa. Ya riƙa ɗaga jiki a kai a kai. A duba fatarsa kullum da dare. In an ga wurin da ya canza launi ko ya fara salewa, a tafi gidan likita. A sa wa sarƙa mai, a duba birki, a yi faci da wuri.

HAKKI NE

A shekarar 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yarjejeniya kan hakkin naƙasassu. Ƙasarmu Nijar ta amince da ita a 2008. Yarjejeniyar ta ba su hakkin shiga makaranta da gidan likita da ma'aikata kamar kowa. Saboda haka duk inda za a yi ginin jama'a, ku ce wa masu aikin su sa gangare tun daga tushe. Ya fi araha bisa ga fasa gini daga baya.

Mai gari da limami da matasa, ku duba gidajen guragun garinku kafin damina ta faɗi. Ƙasa da tsakuwa ba saye ake ba. Allah ya ba mu ikon taimakon juna, amin.