Kazar da aka yi wa aiki a ƙafa: busasshen wuri ne rabin magani

Daga cikin ciwukan da ke kama kajin gida akwai ƙurjin tafin ƙafa. Yakan fara ne da ɗan yanka, ko ƙaya ta soki kazar, ko ƙusa, ko kuma ta yi ta dirowa daga wuri mai tsayi kan daɓen siminti. Ƙwayoyin cuta, galibi irin wanda likitoci ke kira Staphylococcus aureus, su shiga ta wannan kafar, tafin ya kumbura, baƙin ɓawo ya fito a tsakiya, kaza ta fara ɗingishi. Kaji masu nauyi, irin su noila, sun fi ƙananan kajin Hausa kamuwa. Mugunyar tsuntsu ba ta tsiyayewa kamar ta mutum, daskarewa take yi kamar cuku, shi ya sa likitan dabbobi kan tsaga wurin ya ciro curin. Aikin ba ya ɗaukar lokaci. Abin da ke sa kaza ta warke ko ciwon ya dawo shi ne makonni biyu zuwa huɗu da ke biye, kuma wannan a hannun mai kaza yake.

Dalili a fili yake. Raunin yana daidai wurin da kaza ke ɗora duk nauyinta, da shi take tono, da shi take taka kashinta. Idan aka sake ta cikin tsakar gida ta bi ta bakin rariya, kafin la'asar bandejin ya jiƙe, jiƙaƙƙen bandeji kuwa ɗakin ƙwayoyin cuta ne. Don haka a ware ta a keji ko akurki mai tsabta, a shimfiɗa busasshen ɓuntun shinkafa ko dusar katako mai kauri, a riƙa kwashe wanda ya ɓaci. A cire sandar da take hawa ta kwana, don dirowar safe kaɗai ta isa ta buɗe raunin. A kwanakin farko a canza bandeji kullum: a wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, a shafa maganin da likita ya bayar, a sa auduga mai laushi, a naɗe ta tsakanin yatsu. Bayan naɗi a taɓa yatsun, in sun yi sanyi ko sun kumbura ɗaurin ya yi tsauri, a kwance. Mai aikin ya wanke hannu da sabulu, domin wannan ƙwayar cuta tana kama mutum.

Wani zai ce ai kafso ya isa, a buɗe a zuba mata a ruwa, kamar yadda aka saba. Matsalar ita ce jini bai cika isa cikin irin wannan daskararren ƙurji ba, saboda haka maganin sha kaɗai ba ya share shi, kuma ba ya hana datti sake shiga. In likita ya rubuta magani, a bi ƙa'idarsa, a tambaye shi kwana nawa za a daina cin ƙwan kazar, don ragowar maganin na fita a cikin ƙwai. Maganin ciwon jiki na mutane kuwa a bar shi a inda yake. Wani irinsa, diclofenac, shi ne ya kusan ƙarar da ungulayen Indiya ta hanyar lalata musu ƙoda, har gwamnati ta hana ba dabbobi shi a shekarar 2006. Ƙodar tsuntsu ba ta mutum ba ce.

Wani kuma zai ce killace kaza zalunci ne, za ta rame ta daina ƙwai. Da gaskiyarsa, kaza ba ta son kaɗaici. Maganin wannan shi ne a ajiye kejin inda take gani tana jin 'yan'uwanta, ba tare da sun kai ga ƙafar ba, don kaji na ganin ja sai tsattsaga. A ba ta abincinta na kullum da ruwa mai kyau, a ƙara ɗan ganyen zogale.

Sai masu cewa kaza ce fa, sabo da ita ba ya hana yanka. Wannan hukunci ne na mai ita, kuma ba laifi ba ne, amma lokacinsa kafin a kai ta wurin likita ne. Wanda ya biya kuɗin aiki sannan ya yi sakaci da jinya ya yi asara biyu, ga shi kazar da ke kan magani ba ta ciwuwa. In kumburi ya hau zuwa gwiwa, ko wurin ya fara wari, ko ta ƙi abinci, a mayar da ita wurin likita a ranar. Kuma kada a sake ta sai sabuwar fata ta rufe raunin, an kuma tsince ƙusoshi da fasassun kwalabe daga inda take kiwo.