Aku a Tsakar Gidan Oyingbo

Duk Bahaushen da ya zauna a aji ya san aku tun kafin ya gan shi ido da ido. A cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a Zariya a 1937, aku ne ya riƙe ɗan sarki da labarai har ya hana shi fita ya faɗa hannun maƙiya, kuma da bakinsa kaɗai ya kai ga sarautar waziri. Tun daga nan muke masa kallon mai wayon da babu abin da zai ci shi. Amma akun da ke cikin keji a tsakar gidan haya a Oyingbo ko Agege, ɓera guda ya isa ya nakasa shi kafin asuba.

Aku ɗan kurmi ne. Asalinsa dazuzzukan Kuros Riba da Neja Delta, har zuwa Kamaru da Gabon da Kwango. Jikinsa ruwan toka, wutsiyarsa ja wur. A can garke-garke yake yawo, yana cin 'ya'yan itatuwa, musamman kwakwar manja, ya kwana a ƙololuwar dogayen bishiyoyi, macen kuma ta yi ƙwai a kogon itace. Abin da ke tsare shi a daji uku ne: tsawon bishiya, idanun 'yan'uwansa, da fiffikensa. Ranar da aka sa shi a keji an raba shi da duka ukun. Tsuntsu ne kuma da kan yi shekara 40 zuwa 50 a hannun mutum, saboda haka wanda ya ajiye shi ya ɗauki amana mai tsawo.

A Oyingbo babban maƙiyinsa daga ƙasa yake fitowa. Unguwa ce ta kasuwa da kwatoci, ga ruwan Legas a gefe, ɓera da gafiya ba su rasa wurin zama. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Aku mai ɓarnar abinci ne, ya ɗan gutsuri gyaɗa ko masara ya yar da saura, wannan ragowar kuwa ita ke kiran ɓera da dare. Idan ya zo ya tarar da aku maƙale a jikin waya, sai ya kama yatsa. Yatsun aku su ne hannunsa, biyu gaba biyu baya, da su yake riƙe abinci ya kai baki, don haka wanda ya rasa yatsa cin abinci ma sai ya zame masa wahala. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Keji na waje yana son daɓen siminti da raga ninki biyu, ta wajen mai ƙananan idanu da ba su wuce santimita ɗaya ba, a bar tazara tsakaninsu yadda haƙori ko farce ba zai kai ga tsuntsun ba. A kwashe kwanon abinci kafin magariba, a share ƙasa. Wannan shi ke rage maciji ma, domin sawun ɓera yake bi. Maganin ɓera kuwa kada a kai shi kusa, aku komai ya samu sai ya ɗanɗana.

Daga sama akwai shirwa, wadda ke yawaita a sararin Legas da rani, da mujiya, da kyanwar maƙwabta mai bin kwanon rufi. Sau da yawa ba su ne ke fitar masa da jini ba, firgita ce. Inuwa ta gitta cikin duhu, aku ya zabura ya yi ta bugun waya har ya karya sabon gashin fiffike, wanda jini ke gudana a cikinsa. Tsuntsun da nauyinsa bai kai rabin kilo ba, jini kaɗan ya zuba ya galabaita. An ce kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa, to mai aku ma haka ya kamata ya zama. A rufe rabin kejin da rufi da bango ta ɓangare biyu, ya sami lungun ɓuya da inuwa.

Shi kansa kejin yana iya zama cuta. Iskar Legas mai laima da gishiri tana sa waya tsatsa da wuri, aku kuma da baki yake hawa. Farin shafen da ke jikin waya mai araha da tsohon fenti mai dalma guba ne gare shi. Hayaƙin janareta da na maganin sauro suna yi wa numfashinsa illa fiye da yadda suke yi wa namu. Fiya ma ba a ba shi. Sakata kuwa yakan koyi zare ta, sai an haɗa da kwaɗo.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗan Adam. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Sallamar da aku ke kwaikwayo da fiton da yake yi su ke sanar da ɓarawo gidan da yake, ga jan gashin wutsiyarsa da ke da kasuwa wajen masu kayan gargajiya a ƙasar Yarabawa. Wannan bakin nasa ne kuma ya kusa ƙarar da danginsa a daji, inda ake shafa danƙo a reshe a kama su, a kwashe 'ya'ya daga kogo, da yawa su mutu a hanya. A Gana bincike ya nuna an rasa fiye da kashi 90 cikin 100 na akun daji tun daga 1992. A 2016, a taron CITES kan cinikin namun daji da aka yi a Johannesburg, ƙasashen duniya suka haramta cinikin akun daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Duk da haka ana ci gaba da kawo su kasuwannin Legas da Kano a cikin kwali da ƙananan kejuna, kuma muddin akwai mai saye, masu danƙo ba za su bar hawa bishiya ba.