Ko Ka Sani? Ramin Bututun Bindiga Ba Ya Miƙewa Sarai

Kafinta a Gusau idan ya ɗauki katako, sai ya runtse ido ɗaya, ya daidaita ɗayan da gefen katakon, nan take ya san ko ya karkace. Maƙerin da ke gyara wa mafarautan Tsafe ko na Bungudu bindigar toka shi ma haka yake yi: ya ɗaga bututun ya fuskanci hasken ƙofa, ya leƙa ta ciki yana juya shi a hankali da yatsu. Abin mamakin shi ne, manyan masana'antun bindiga na duniya, irin na Springfield a Amurka da Enfield a Ingila, sun shafe shekaru masu yawa suna dogara da wannan idon na mutum. Suna da ma'aikata waɗanda aikinsu kenan wuni guda: su leƙa ta cikin bututu su kalli taga da aka gindaya wa layi. Layin yakan jefa inuwa a bangon ramin, in ramin miƙaƙƙe ne inuwar ta tafi sak, in kuwa akwai lanƙwasa sai a ga ta karye daidai wurin. Sai a danna ƙarfen a nan, a sake leƙawa.

Dalili kuwa shi ne babu ramin da ke fitowa a miƙe ɗari bisa ɗari. Ana ɗauko sandar ƙarfe mai tsawon santimita 60 zuwa 75, a huda ta daga wannan kai zuwa wancan, alhali faɗin ramin bai kai santimita ɗaya ba. Abin hudar dogo ne siriri, yana nitsawa yana ɗan baudewa, kamar mai haƙar rijiya da ya yi gaba ashirin ba tare da ya saki igiyar awo ba. Daga waje bututun sumul, a ciki kuwa ramin ya ɗan yi baka, ko da da kaurin gashi ne.

To, nan ne gwanayen da ke haɗa bindigogin gasar harbi suka yi dabarar da ta fi komai burgewa. Tunda ba za a rabu da lanƙwasar ba, sai a zaɓa mata inda za ta fuskanta. Suna ɗora bututun a injin, su juya shi da ma'auni mai allura har su gano ta ina ramin ya karkata, su yi alama, sannan su ɗaure shi a jikin bindigar ta yadda karkatar za ta kalli sama, wato ƙarfe goma sha biyu na agogo. Hikimar ita ce, dama harsashi ƙasa yake yi saboda nauyinsa, kuma maharbi dama yana ɗaga saiti gwargwadon nisa. In kuskuren ramin ya bi wannan layi na sama da ƙasa, ya shige cikin lissafin da aka saba. In kuwa ya kalli dama ko hagu, ya haɗu da iska kenan, maharbi ya rasa wanda zai zarga. Har yau gwanayen na musu a kan ko ribar tana da yawa, amma mai neman kofi ba ya barin ko ƙanƙanin abu ga sa'a.

Ƙanƙanin abu kuwa babba ne a nan. Karkatar da ta kai kashi ɗaya cikin sittin na digiri tana kauce da harsashi kusan santimita 3 a mita 100, kusan santimita 29 a mita 1,000. A gasar Olamfik ta mita 50, da'irar maki goma faɗinta milimita 10.4 ne kacal, ba ta kai farcen babban yatsa ba. A 2013 wani Ba'amurke, Mike Stinnett, ya harba harsashi biyar daga yadi 100, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce inci 0.0077 ba, kaurin gashi biyu zuwa uku. Tarihin da ya karya na Mac McMillan ne, wanda ya tsaya tun 1973, shekara 40 cur.

Bindigar toka ba ta shiga wannan sahu, domin cikinta sumul yake. Ta gasa kuwa an tsaga mata layuka masu murɗawa a ciki, fasahar da ta ɓullo a ƙasashen Jamusawa wajen shekarar 1500. Su ke sa harsashi ya fito yana juyi, kuma duk wanda ya ga mazarin tsohuwa mai kaɗi, ko katantanwar da yara ke murzawa a tsakar gida, ya san abin da ke juyi da sauri ba ya faɗuwa gefe. Harsashin da ke gudun mita 850 a daƙiƙa, yana zagaye ɗaya a kowane santimita 30, yana juyi fiye da sau 160,000 a minti. Injin motar da ke gudu a hanyar Gusau zuwa Funtuwa, ta gefen dutsen Kwatarkwashi, da wuya ya wuce 3,000.

Tunda kowane bututu da irin tasa karkatar, tsohon maharbi ba ya son aron bindiga. Tasa ya san halinta: ya san tana jefawa ɗan dama, sai ya riƙa saitin hagu da kafaɗar gada kafin ya taɓa kunama.