Yaron da Burodi Ke Ramarwa: Hattara da Cutar Siliyak

Idan yaro ya daɗe yana gudawa, cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa suka sirance, mu a nan Kalgo da Gwandu sai a ce haƙori ne, ko shawara, ko tamowa. Sau da yawa tsutsar ciki ce ko gurɓataccen ruwa. Amma akwai wata cutar da ba a cika tunawa da ita ba, wato siliyak, wadda alkama ke tayarwa.

Danƙon nan da ke sa kwaɓin fulawa ya riƙa miƙewa, shi likitoci ke kira gulutin, kuma yana cikin alkama da sha'ir. Yawancin mutane ba ya yi musu komai. Amma ga mai siliyak, da zarar ya shiga ciki sai garkuwar jikinsa ta juya ta riƙa lalata bangon ƙaramin hanji, inda amfanin abinci ke shiga jini. Sai ya ci ya ƙoshi, jikin bai samu ba. Babba kuwa, wani lokaci ƙarancin jini da kasala kaɗai zai gani.

A duniya ana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 na da ita, sai dai ba ta rabu daidai ba. Japanawa na shan taliyar alkama sosai, amma wani bincike da aka buga a 2018 ya samu mutum 1 tak cikin kimanin 2,000, domin ƙwayar gadon da ta fi buɗe wa cutar ƙofa ba ta da yawa a cikinsu. Duk da haka, kada wani ya ce ai ciwon Turawa ne. A wani binciken da aka buga a 1999 an gwada yaran Sahrawi a sansanonin gudun hijira na Aljeriya, aka samu fiye da 5 cikin 100 na ɗauke da ita. 'Yan Afirka ne, kuma fulawa ce ta zama babban abincinsu.

Wannan ne ya sa batun ya shafe mu. Iyayenmu sun tashi da fura da tuwon dawa da shinkafar fadama. Alkaki da funkaso sai da biki. Yau yaro kan karya da burodi, ya ci Indomie da rana, ya kwana da taliya. Har ɗanwake, da yawa fulawa ake haɗa shi da ita.

Ba cewa ake kowa ya bar burodi ba. Mai lafiya ya ci abinsa. Amma gudawar da ta wuce makonni, an sha magani ba ta tsaya ba, yaro kuma ba ya girma, a kai shi asibitin Kalgo ko na Birnin Kebbi, a tambayi likita ko akwai buƙatar gwajin siliyak. Da jini ake farawa, sannan a duba hanji. Kada a hana shi alkama kafin gwajin, domin sakamakon zai iya fitowa ba daidai ba.

In ta tabbata, ba allura ba ce maganinta, ba jiƙo ba: barin alkama da sha'ir ne har ƙarshen rayuwa. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo da wake duk ba su da gulutin. Sai dai uwar gida ta kula da injin niƙan da ake niƙa alkama, ta kuma ware masa tukunya da rariya. A gwada 'yan'uwansa na jini su ma, domin cutar na bin dangi.