Laƙabi daban, karkatarwa daban: gaskiya da jita-jita kan sauya adireshin shafi

Duk wanda ya tashi kwashe shafin intanet daga wani adireshi zuwa wani, shawarwari za su zubo masa ta ko'ina. Wannan ya ce masa ya sa 301 kawai magana ta ƙare, wancan ya ce kada ya kuskura ya taɓa 302 domin Google zai binne shafin, wani kuma ya turo masa layuka goma na mod_rewrite da ya kwafo a wani wuri, shi kansa bai san aikinsu ba. A cikin maganganun nan akwai na gaskiya, akwai waɗanda a da gaskiya ne amma zamani ya wuce su, akwai kuma waɗanda tun asali ba su da tushe. Rarrabe su ya zama dole, domin ba mai gina shafi kaɗai kuskuren ke cutarwa ba. Ɗalibin da ya ajiye adireshin fom ɗin makaranta a wayarsa, da mai sayen da ya danna mahaɗin da aka tura masa a WhatsApp, su ne ke tarar da ƙofa a rufe, kuma ba su san wanda za su kai wa kuka ba.

Jita-jitar da ta haifi yawancin sauran ita ce wai laƙabi da karkatarwa abu ɗaya ne. Sam ba haka ba ne. A manhajar Apache, umarnin Alias (laƙabi) da umarnin Redirect (karkatarwa) suna zaune a sashe ɗaya mai suna mod_alias, wataƙila shi ya sa ake haɗa su, amma aikinsu ya yi hannun riga. Idan aka rubuta Alias /hotuna /srv/ajiya/hotuna, burauza ta nemi /hotuna/tuta.jpg, sabar za ta ɗauko fayil ɗin daga waccan folda ta miƙa shi da lambar 200, wato komai lafiya. Burauza ba ta san an yi wani zagaye ba, adireshin da ke saman allo bai motsa ba. Karkatarwa kuwa ba ta miƙa fayil ko kaɗan. Amsa ce gajeriya, lamba mai farawa da 3 tare da sabon adireshi, sai burauza ta sake aika wata buƙata daga farko. Kamar a kasuwa ne: laƙabi shi ne yaron shago da ya zaga sito ya ɗauko maka kaya kana zaune a benci, karkatarwa kuma ita ce maƙwabcin da ya ce maka ai sun tashi, sun koma layi na gaba, ka taka da ƙafarka.

Daga wannan bambanci abubuwa da dama ke fitowa. Laƙabi ba ya iya kai mutum wani gidan yanar daban, iyakarsa faya-fayan da ke cikin na'urar. Ba ya kuma sanar da injin bincike cewa shafi ya ƙaura. Hasali ma yana iya sa abu ɗaya ya bayyana a adireshi biyu. Masu cewa "Alias ba ya aiki a sabuwar Apache" kuwa, galibi izini ne ba su bayar ba. Idan foldar tana wajen babbar foldar shafin, sai an buɗe mata sashen Directory an rubuta Require all granted, in ba haka ba amsar 403, wato an hana shiga, za a samu. Tun fitowar Apache 2.4 a 2012 wannan ne salon bayar da izini, amma tsofaffin darussa da ke yawo har yanzu suna koyar da Order da Allow na zamanin 2.2, waɗanda ba sa aiki sai an kunna sashen mod_access_compat.

Akwai kuma masu ɗaukar CNAME na tsarin DNS a matsayin karkatarwa. Shi suna kawai yake jinginawa ga wani suna domin a gano lambar na'ura. Bai san folda ba, bai san shafi ba, ba ya sauya abin da ke saman burauza.

Sai maganar 301, wadda ta fi kowace cin mutane. Gaskiya ne ma'anarta ƙaura ta dindindin, kuma ita ta dace idan an bar tsohon adireshi har abada. Ƙaryar ita ce wai in ka yi kuskure sai ka goge layin komai ya dawo daidai. Ƙa'idar HTTP ta yarje wa burauza ta adana amsar 301 ko da sabar ba ta faɗi tsawon lokacin adanawa ba, kuma manyan burauzoji suna riƙe ta na tsawon lokaci. Da zarar wayar mutum ta karɓi wannan amsa, gobe in ya sake neman tsohon adireshin ba za ta tambayi sabar ba, kai tsaye za ta wuce inda aka nuna mata jiya. Ka gyara kuskurenka a cikin minti biyar, amma duk wanda ya ziyarci shafin a cikin mintunan nan yana ɗauke da kuskuren a aljihunsa, kuma ba ka da hannun da zai kai cikin wayarsa ka share. Wannan ne dalilin da ya sa mai gina shafi zai rantse ya gyara, abokin cinikinsa ya rantse bai gyaru ba, alhali kowannensu gaskiya yake faɗi. A ganina babu wani uzuri na fara gwaji da 301. A fara da 302, a duba kowane adireshi, sai an natsu a mayar da ita 301. A yi dubawar kuma da curl -I, wanda ke nuna ainihin amsar sabar ba tare da tuna ta jiya ba, maimakon a dogara da burauzar da aka yi ta gwaji da ita tun safe.

Wani abin da ba kowa ya lura da shi ba: a Apache, in aka rubuta Redirect ba a faɗi lamba ba, 302 ce ke fita. Sai an ƙara permanent ko 301. Mutane da yawa suna zaune da yaƙinin sun yi ƙaura ta dindindin alhali sabarsu tana shaida wa duniya cewa ta wucin gadi ce.

To, shin 302 tana kashe matsayin shafi a Google? Wannan magana tana da asali, domin a shekarun baya an yarda cewa karkatarwa tana rage wa shafi wani kaso na darajar da mahaɗai suka tara masa. Amma a 2016 Gary Illyes na kamfanin Google ya fito ya ce karkatarwa masu farawa da 3 ba sa zubar da wannan daraja da ake kira PageRank. Abin da ya rage na bambanci shi ne wane adireshi za a nuna a sakamakon bincike. Da 301 ko 308 Google yana karkata ga nuna sabon, da 302 ko 307 yana karkata ga riƙe tsohon, tunda an ce masa za a dawo. Ke nan 302 ba guba ba ce, labari ne daban take bayarwa, kuma laifin yana ga wanda ya ba da labarin da ba shi ne gaskiyar lamarin ba. Shawarar Google ga mai ƙaura ita ce a bar karkatarwar tana aiki aƙalla shekara guda.

Dabarar da ta fi ba ni haushi ita ce tattara duk tsofaffin adireshi a tura su shafin farko, wai don kada a ga 404, amsar da ke cewa babu shafin. Wanda ya zo neman wani takamaiman labari, aka jefa shi shafin farko ba bayani, an ɓata masa lokaci da data, an kuma hana shi sanin cewa abin da yake nema babu shi. Google ma kan ɗauki irin wannan a matsayin 404 da aka lulluɓe. Shafin da yake da magaji a tura shi ga magajinsa. Wanda aka cire ba magaji a bar shi ya amsa 404, ko 410 mai nufin an cire shi da gangan.

Akwai wata ɓaraka da ba a cika magana a kanta ba. Ana zaton karkatarwa tana kwashe buƙata yadda take ta kai sabon wuri. Ga mai karanta shafi haka ne, amma ga mai aika fom ba lallai ba. Tun zamanin farko burauzoji suka saba, in sun aika bayani ta hanyar POST suka gamu da 301 ko 302, sai su maimaita buƙatar da GET, bayanin da aka cike ya zube a hanya. Saboda haka ne aka shigo da 307 a ƙa'idar HTTP/1.1 ta 1999, daga baya aka ƙara 308 a 2014 aka tabbatar da ita a 2015. Waɗannan biyun sun hana sauya hanyar aikawa. Duk adireshin da ke karɓar fom, ko sanarwar da kamfanin biyan kuɗi ke turowa cewa an biya, bai kamata a karkatar da shi da 301 ido rufe ba. Wasu manhajojin masu turo sanarwa ma ba sa bin karkatarwa ko wace iri ce, don haka sai an je an sauya adireshin a wajensu.

Batun cewa ba a karkatarwa sai da mod_rewrite bai da tsawo. Ralf Engelschall ya rubuta wannan sashe a 1996, yana da ƙarfi matuƙa, amma littafin jagora na Apache kansa ya ware shafi guda kan lokutan da bai kamata a yi amfani da shi ba, kuma karkatarwa mai sauƙi tana cikinsu. Redirect ko RedirectMatch sun wadatar. Cakuɗa su da RewriteRule a fayil ɗaya kan jawo ruɗani, domin sassa biyu ne daban, ba jerin layukan fayil ɗin suke bi wajen wanda zai riga ba. Haka nan fayil ɗin .htaccess ba a ko'ina yake aiki ba: sabar Nginx ba ta karanta shi sam, Apache kuma sai umarnin AllowOverride ya ba da dama. Redirect yana shiga cikinsa, Alias ba ya shiga. Wanda ya cusa shi a can kuskuren 500 zai gani.

Yanzu ga wadda ta fi haɗari, wato cewa alamar / a ƙarshen adireshi ado ce kawai. A Nginx, manhajar da Igor Sysoev ya fitar a 2004, umarnin root yana liƙa dukan adireshin da aka nema a bayan foldar da aka ambata, shi kuwa alias yana cire ɓangaren da ya dace da location ya maye gurbinsa da foldar. A ce an rubuta location /kaya ba alamar a ƙarshe, sannan alias /var/www/kaya/ da alamar. Nginx tana duba farkon adireshi ne kawai, don haka in wani ya nemi /kaya../sirri.txt za ta ga ya fara da /kaya, ta cire wannan, ta liƙa ragowar, hanya ta zama /var/www/kaya/../sirri.txt. Ɗigo biyun nan ma'anarsu a hau mataki ɗaya sama. Baƙo ya fita daga foldar da aka buɗe masa ya shiga wadda ke samanta, inda sau da yawa ake ajiye fayil ɗin saituna mai ɗauke da kalmar sirrin rumbun bayanai. Mai binciken tsaro Orange Tsai, ɗan Taiwan, ya baje wannan ɓaraka a taron Black Hat na 2018 a Las Vegas, kuma manhajar Gixy da kamfanin Yandex ya fitar tana gano ta a fayil ɗin saituna. Maganinta harafi ɗaya ne, a sa alamar a ɓangarorin biyu. Abin da ke sa ta daɗe a ɓoye shi ne shafin yana aiki lafiya lau da kuskuren a jikinsa, kuma nginx -t ba zai yi ƙorafi ba, domin nahawun saitin yake dubawa, ba hikimarsa ba.

Idan burauza ta nuna ERR_TOO_MANY_REDIRECTS, shawarar da aka fi bayarwa ita ce a share kukis. Wani lokaci takan yi, amma galibi ciwon yana sabar. Chrome da Firefox suna bin karkatarwa har 20 sannan su haƙura. Sanannen dalili shi ne tsarin Flexible na Cloudflare, wadda ke tsayawa tsakanin mai ziyara da sabar: mai ziyara ya zo ta https, Cloudflare ta je wa sabar ta http, sabar ta ce a koma https, a sake zagayowa haka ba iyaka. Ko ba a kai ga zagaye ba, doguwar sarƙa tana da tsada. Daga http zuwa https, daga nan zuwa www, daga nan zuwa mai alamar ƙarshe, kowane mataki zuwa ne da dawowa tsakanin waya da sabar. Mai gina shafi da ke kan intanet mai ƙarfi ba zai ji ba, amma mai karatu da ke ƙauye da sabis sanda ɗaya yana ji a jikinsa. Googlebot, manhajar Google mai bin shafuka, shi kansa mataki 10 yake bi ya tsaya. A haɗe matakan, tsohon adireshi ya nuna na ƙarshe kai tsaye.

Saura zaton cewa da an kafa karkatarwa an rabu da tsohon sunan gidan yanar. Karkatarwa amsa ce, kuma sai da mai amsawa. Dole tsohon sunan ya ci gaba da nuna wata saba mai rai, dole kuma takardar shaidar tsaronsa ta kasance ba ta ƙare ba, domin burauzar da ta zo ta https sai ta gama tantance takardar kafin ta ga amsar 301. In takardar ta mutu, jan gargaɗi mai ziyara zai gani, ba sabon shafi ba. In kuma aka daina biyan kuɗin rajistar sunan, bayan wa'adi kowa na iya saye, kuma duk mahaɗin da aka buga a kati, a allon talla ko a takardar makaranta zai riƙa kai mutane wurin sabon mai shi. Saboda haka kuɗin sabunta tsohon suna da takardarsa su shiga kasafin ƙaura tun ranar farko, a kuma rubuta sunan wanda zai riƙa duba ranar ƙarewarsu.