Saƙon Wayar Salula Ga Masu Ciwon Zuciya: Arahar Da Ke Neman Hujja

Mutumin da ya tsira daga bugun zuciya kan bar asibiti da jakar magunguna da kuma dogon jerin umarni: ya sha asfirin, ya sha maganin rage maiƙon jini da na hawan jini, ya daina taba, ya rage gishiri, ya riƙa takawa kullum. Likitoci sun daɗe da sanin cewa mutane da dama kan yi sakaci da wannan umarni bayan 'yan watanni, da zarar ciwon ƙirji ya lafa. Sakamakon haka shi ne komawa gadon asibiti, wanda ke lashe maƙudan kuɗi daga aljihun iyali, kamfanonin inshora da baitulmalin gwamnati.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun hallaka mutane kimanin miliyan 17.9 a shekarar 2019, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mace-mace sun auku ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi. Wannan ne ya sa masu tsara harkar lafiya suka karkata ga wata hanya mafi araha, wato gajeren saƙon wayar salula.

Gwajin da ya fi jawo hankali an yi shi ne a asibitin Westmead da ke birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Clara Chow, aka kuma wallafa sakamakonsa a mujallar likitoci ta JAMA a 2015. An ɗauki majinyata 710 masu cutar toshewar jijiyoyin zuciya, aka raba su gida biyu. Kashi ɗaya ya ci gaba da samun kulawar da aka saba, ɗayan kuwa aka ƙara masa da saƙonni huɗu a kowane mako har tsawon wata shida. Kwamfuta ce ke aika saƙon, wani lokaci da sunan majinyacin, tana tunatar da shi batun motsa jiki, abinci da barin taba. Wanda ba ya shan taba ba a damunsa da zancenta.

Bayan wata shida, awon hawan jinin waɗanda suka sami saƙon ya yi ƙasa da na takwarorinsu da kimanin maki 7.6, maiƙon jininsu ya ragu kaɗan, nauyinsu ya sauka. Masu shan taba a cikinsu kashi 26 ne cikin ɗari, alhali a ɗaya ɓangaren sun kusa kashi 43. Abin da ya fi burge masana tattalin arziki shi ne kuɗin: kimanin dalar Amurka 10 ga kowane mutum a duk tsawon shirin, abin da bai kai kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti ba, ko kusa.

Sai dai labarin bai tsaya nan ba. Masu binciken sun faɗaɗa aikin zuwa asibitoci 18 na Ostareliya, da majinyata 1,424 waɗanda suka kwanta saboda bugun zuciya ko alamunsa masu tsanani, a wannan karon da nufin ganin ko saƙon zai sa su riƙe shan magani har shekara guda. Sakamakon da ya fito a mujallar Circulation a 2022 ya nuna cewa ba a sami wani bambanci na a zo a gani ba wajen shan maganin, ko da yake an ga ɗan ci gaba ta fuskar cin ganyaye da 'ya'yan itatuwa da rage ƙiba. Tun kafin wannan, a 2017, wani gwaji a Amurka da ya haɗa kwalaben magani masu na'ura da ladan kuɗi ga majinyata kusan 1,500 ya kasa rage komawa asibiti. Ashe dai mantuwa ba ita kaɗai ce ke raba majinyaci da ƙwayarsa ba.

Kuɗi na cikin manyan dalilan. A 2011 an wallafa wani bincike da aka yi tare da kamfanin inshora na Aetna, inda aka yafe wa waɗanda suka yi bugun zuciya ɗan kason da suke biya na magani. Shan magani ya ƙaru da kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari, ba tare da jimillar kuɗin da kamfanin ke kashewa ta tashi ba.

A nahiyar Afirka, hujjar da ake da ita ta fito ne daga wasu cututtukan. A Kenya, saƙo ɗaya a mako ya taimaka wa masu shan maganin ƙanjamau, kamar yadda mujallar The Lancet ta ruwaito a 2010, kuma a can majinyaci na iya ba da amsa, ma'aikaciyar jinya ta kira shi idan da matsala. A birnin Kef Taun na Afirka ta Kudu kuwa, gwajin da aka yi da masu hawan jini 1,372 ya rage awon jinin da kimanin maki biyu kacal.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Layukan GSM sun fara aiki a 2001, kuma tun 2010 hukumar NAFDAC ta ɓullo da tsarin kankare kati a aika lamba domin tantance jabun magani. Ko bayan ƙarin farashin da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi a Janairun 2025, saƙo ɗaya ya tashi ne daga naira 4 zuwa naira 6, wanda ke nufin saƙonni 96 irin na Westmead ba za su kai naira 600 ba. Amma fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar yana fitowa ne kai tsaye daga aljihun jama'a, kuma farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabo bayan faɗuwar darajar naira a 2023. Saƙon da zai ce wa magidanci lokacin shan magani ya yi zai iya tarar da shi da kwalbar da ta ƙare tun makon jiya.

Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa. Kamfanonin da ke gudanar da ita su ne za su biya kuɗin kwanciya ta biyu, don haka su ne suka fi kowa dalilin gwada saƙon, da Hausa, Yarbanci, Ibo da Turancin buroka, tare da saƙon murya ga waɗanda ba su iya karatu ba.